Lissafin da ya kamata kowane mai inbata ya iya

Duk dutsen guga idan ka juya shi za ka ga an rubuta wasu lambobi a jiki, misali 230V da 1000W, wato bolt 230 da wat 1000, mutane da yawa ba sa ma kallo. To wallahi waɗannan lambobi biyun sun ishe ka ka san komai game da wutar da yake ja.

Ga yadda abin yake. Wat shi ne bolt sau amp, amp kuwa shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikin waya. Kenan in kana neman amp sai ka raba wat da bolt: 1000 raba 230, ya ba ka kusan amp 4.3. Sai turjiyar wayar da ke cikinsa, wato risistans, wannan dokar Ohm ce, wani Bajamushe Georg Ohm ya fitar da ita tun 1827, ka raba bolt da amp kawai. 230 raba 4.3, om 53 ko kusa da haka, om shi ne ma'aunin turjiya. Shi ke nan fa, kalkuletar wayarka ma ta isa.

Yanzu ka ɗauka NEPA sun kawo irin wutar nan mara ƙarfi da fanka ke juyawa da ƙyar, ka sa mitar awon wuta ka ga bolt 160. Turjiyar dutsen ba ta canza ba tana nan a 53, don haka amp ya sauko zuwa 3, ka ninka da 160 ka samu wat 480. Bai kai ko rabi ba. Shi ya sa za ka yi ta dirzar shadda ta ƙi kwanciya kana zagin dutsen guga alhali lafiyarsa lau.

Amma inda abin ya fi damuna shi ne wajen haɗa sola. Wannan wat 1000 ɗin dai, in daga batir mai bolt 12 za a ja shi ta inbata, 1000 raba 12 ne, amp 83 kenan, kuma ban ma sa abin da ita inbatar ke ci ba. Daga 4.3 zuwa 83! Sai ka ga wani ya ɗauko ragowar siririyar waya mai lambar kauri 2.5 da aka yi wayarin soket da ita ya ɗaure a kan batir wai ai waya waya ce, kuma don rowar kuɗin kebul mai kauri ne ba wani abu ba.

Mu lissafa. Wayar jan ƙarfe 2.5 mai tsawon mita ɗaya da rabi turjiyarta wajen om 0.01 ce, kamar ba komai. Zafin da take fitarwa kuwa amp sau amp sau turjiya ne. A amp 4.3 ko wat ɗaya bai kai ba, ba za ka ji komai ba in ka taɓa. A amp 83 kuwa wat 69 ne yake zama zafi a cikin 'yar siririyar wayar nan, robar ta yi laushi ta fara wari, kan batir ya yi baƙi, wani lokacin ma sai gobara, Allah ya kiyaye.

Dalilin da ya sa ƙwararru ke cewa a koma bolt 24 ko 48 kenan in kaya sun yi yawa. A bolt 24, amp ya zama rabi, zafin wayar ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kafin mai haɗa maka ya yanki waya, ka tambaye shi amp nawa za ta ɗauka, kuma ka tabbata ya sa fis ko bireka tsakanin batir da inbata.