Zaɓen bobin ga na'urar da ke shan wuta kaɗan

Na'urorin auna danshin ƙasa da muke haɗawa don lambunan Jiratawa, nan kusa da Maradi, barci ne yawancin aikinsu. Su farka, su auna, su aika, su koma. Abin da suke ja daga batir a lokacin barci bai wuce 'yan mikroampa ba, shi ya sa yaran da ke koyon aiki a wurinmu ke ɗauka cewa kowane ɗan mitsitsin bobin, wato naɗaɗɗiyar wayar nan da ke aiki tare da regilato, zai yi. Ba haka ba ne.

Regilato, wato abin da ke rage volt ɗin batir zuwa wanda na'ura ke buƙata, irin TPS62740, wanda shi kansa nanoampa 360 kawai yake ci, ba ya ɗigo wuta kaɗan-kaɗan idan na'urar na jan wuta kaɗan. Ɗiba yake yi da ƙarfi sau ɗaya, ya cika kondansa mai ajiye wuta, ya huta. Kamar ɗiban ruwa a rijiya ne: ko kurɓi ɗaya za a sha, igiya sai ta ɗauki nauyin cikakken guga. Don haka abin dubawa shi ne ƙololuwar wutar da regilaton ke turawa a kowace ɗiba, wadda kan kai ɗaruruwan miliampa. Idan bobin bai iya ɗaukarta ba, zuciyarsa ta ferit, wato abin da aka naɗa wayar a kai, takan ƙoshi da maganaɗisu, ƙarfinsa ya faɗi nan take, wuta ta yi tsalle, batir ya biya.

Lissafin ma ba wuya. Volt 3.6 a shiga, 1.8 a fita, bobin mai mikrohenri 2.2: wuta na hawa da kusan miliampa 800 a kowane mikrosakan. Jinkirin kashi ɗaya cikin goma na mikrosakan wajen kashewa ya ƙara miliampa 80 ke nan.

Ga kuma zafinmu. Ferit yana saurin ƙoshi idan ya yi zafi, kuma akwatin roba da ke tsakiyar fili a watan Afrilu ya fi iskar waje zafi nesa ba kusa ba. Adadin wutar da bobin ke iya ɗauka kafin ya ƙoshi, wanda masana'anta ke rubutawa, galibi na ɗaki mai sanyi ne, kuma wasu suna auna shi inda ƙarfin bobin ya ragu da kashi 10, wasu 30. Ina barin rata mai yawa.

Kaurin waya bai dame ni sosai ba a irin wannan aikin. Asarar da ke cikin zuciyar bobin ta fi cin batir. Bobin da aka ciro daga tsohon allon rediyo, wanda ba a san lambarsa ba, ba na sa shi, ko da na jira kaya su iso daga Kano.