Jirgin Katako da Sa Hannu na Biyu

A aikin gyaran jirgin sama akwai wata ƙa'ida da samarin injiniyoyi suka fi ƙosawa da ita. Duk lokacin da aka taɓa wayoyi ko sandunan da matuƙi ke sarrafa jirgi da su, ko da noti ɗaya aka kwance aka mayar, wanda ya yi aikin ba shi kaɗai zai sa hannu ba. Sai an kira wani da bai taɓa aikin ba, ya bi tun daga kujerar matuƙi har wutsiya, ya tabbatar in an ja sanda baya marfin wutsiya ya ɗaga, in an tura ta gaba ya sauka. Na yi shekaru ina wannan sa hannu na biyu, kuma na sha ganin yaro ya ɓata rai, a zatonsa raina aikinsa na yi. Ni kuwa ba a aji na san darajar wannan ƙa'ida ba. A wani fili na santa, a birnin Kiev, a kan jirgin katako da bai fi tsawon hannuna ba.

A 1983 na isa Tarayyar Sobiyet karatu. Shekarar farko Rashanci ya cinye ta. A ta biyu ne abokin ɗakina, ɗan garin, ya ja ni wata Lahadi zuwa kulob ɗinsu na masu ƙera ƙananan jirage, ɗaya daga cikin waɗanda DOSAAF, ƙungiyar sa-kai mai tallafa wa sojoji, ke kula da su a faɗin ƙasar. Filin da'ira ne, an shafe shi da kwalta, an kewaye shi da ragar waya mai tsayi, suna ce masa kordodrom. Mutum na tsaye a tsakiya riƙe da wani ɗan mariƙi, wayoyin ƙarfe biyu sirara kamar zare sun fita daga mariƙin zuwa fiffiken jirgi, jirgin na zagaya shi yana kuka kamar gidan zuma, shi ma yana juyawa tare da shi. Babu rediyo, babu batir. Ka karkata hannu sama, waya ɗaya ta ja, jirgi ya hau. Ka karkata ƙasa, ɗayar ta ja, ya sauko. Tsawon wayar mita 15.92, an zaɓe shi ne don zagaye ɗaya ya zama mita 100, goma su ba da kilomita guda. Ni da na taso ina ƙera motar kara da ta langa-langa, ranar na kasa barin jikin ragar nan.

Mai kula da kulob ɗin wani dattijo ne, tsohon makanikin jiragen soja. Kowa na ce masa dyadya, wato kawu, ni ma Kawu nake ce masa, shi kuma ya ce mini "ɗana". Bai bar ni na taɓa mariƙi ba sai da na yi makonni ina riƙe wa wasu jirgi, ina naɗe waya, ina goge mai. Injin da muke amfani da shi KMD ne, mai girman siisii 2.5, ba shi da fulogi, matsi kaɗai ke kunna shi. Mansa haɗi ne na kananzir da man zurma da sinadarin eta mai warin ɗakin tiyata. Da yatsa ake buga farfela, ana murɗa sukurun matsi da allurar mai kaɗan-kaɗan har ya kama. A cikin sanyi yakan yi gardama, in kuma ya mayar da bugu ya sami yatsan da ya daskare, sai hawaye ya zo ba shiri.

Tashina na farko Kawu na bayana, hannunsa a kan nawa. Zagaye shida na yi jiri ya ɗebe ni. Amma a cikin zagayen nan na ji abin da har yau ban sami kamarsa ba: jirgin yana magana ta cikin waya. Karkarwar inji tana zuwa har tafin hannu. In ya juyo ɓangaren da iska ke tahowa, sai ka ji jan ya ragu, waya na neman saki, dole ka ja da baya taku biyu kafin ta yi lako-lako, domin da zarar ta saki, hannunka da jirgin sun rabu. Shi ya sa ake sa ɗan dalma a bakin fiffiken waje, a ɗan karkatar da wutsiya, don kullum jirgin ya riƙa neman ficewa daga da'irar.

Duk hunturun na ƙare shi a kan nawa jirgin. Katakon balsa wuya yake a can, da katakon wata bishiya da suke ce wa lipa da fallen filawud muka yi. Wata uku ina fiƙa, ina goga da samfefa, ina jiran gam ya bushe a kan bututun ɗumama ɗaki. Na shafa masa kore da fari.

Ranar gwaji, cikin Afrilu, wayoyina suka murɗe, na cire su daga mariƙi na warware na mayar. Al'adar filin ita ce kafin a saki jirgi matuƙi ya karkata hannu sama, mai riƙo ya dubi wutsiya ya gyaɗa kai, sannan a ɗaga hannu. Ranar Kawu na can yana taimakon wani, yaro ɗan shekara goma sha biyu ne ke riƙe mini. Injin ya wahalar da ni kusan rabin sa'a, da ya kama kuwa sai na tuna man tankin na 'yan mintoci ne. Na ruga tsakiya, na suri mariƙi, na ɗaga hannu. Yaron ya cilla shi. Jirgin ya ɗan sunkuya, na ja sama, ya ƙara sunkuyawa, na ja da ƙarfi, ya kafa hanci a kwalta. Ko rubu'in zagaye bai yi ba. Wayoyin na mayar a juye.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya shimfiɗa tsumma ya tsince ɓaraguzan ɗaya bayan ɗaya, ya hana ni juya farfela don kada yashi ya karce cikin injin, ya ce a wanke shi da kananzir tukuna. Sai da muka gama ya tambaye ni: "Ɗana, wa ya ga wutsiyarka kafin ka ɗaga hannu?" Na ce na duba wayoyin da kaina, Kawu. Ya ce ya yarda na duba. Idon da ya ɗaura abu a juye, in ji shi, daidai zai gan shi ko sau goma ya duba, domin abin da yake zato yake gani. Washegari da ya zo tashin nasa jirgin, ni ya kira, baƙon da bai cika shekara a kulob ba, ya ce in tsaya a wutsiya in gyaɗa masa kai. Ya jira har na gyaɗa.

Bayan shekaru, a gida, wani dare a hanga, wato rumfar gyaran jirage, an sauya wayar wutsiyar wani jirgi da zai tashi da asuba. Wanda ya yi aikin yaro ne mai hannu, na san shi, ban taɓa kama shi da kuskure ba. Ana ta bugo waya daga ofis, shi kuma ya miƙo mini takarda yana cewa, "Yallaɓai, wallahi sau biyu na bi ta." Na ce masa, "Na sani, ɗana, ɗauko tocila." Muka shiga cikin wutsiyar a durƙushe, ga zafi ga sauro. Komai na tafiya inda ya kamata, sama sama, ƙasa ƙasa. A madauri na ƙarshe na kai yatsa, na ji babu 'yar wayar kulle da ke hana shi warwarewa. Tana cikin aljihun rigarsa, ya yanke ta daidai tsawonta, aka kira shi ya amsa wata tambaya. Ya daɗe yana kallonta a tafin hannunsa. Na riƙe masa tocila ya ɗaura, ya sa hannu, na sa nawa a ƙasa, muka fito ana kiran assalatu.