Dakalin da aka sa wa rigar siminti

Dakali mai tsawon mita 5 a ƙofar wani tsohon gida a unguwar Birni ta Zinder (Damagaram) bai kamata ya ci kuɗin da wannan ya ci ba. Ginin farko bai yi tsada ba. Rushe shi da gyaran gindin bangon zaure da ya jiƙa su ne suka kwashe kusan ninki uku na kuɗin aikin, kuma duk saboda yaɓen siminti mai kaurin santimita 2 da aka ce a shafa masa don ya yi kyau.

Zanen daga Yamai ya zo, wani mai zanen gine-gine ɗan dangin maigidan ne ya yi shi, kuma zane ne na wanda ya san aikinsa. Tsayin mazauni santimita 43 daga ƙasa. Gindin ya shige ciki da santimita 10 don dudduge ya samu wurin tsayawa idan tsoho zai miƙe, abin da maginanmu ba su cika kulawa da shi ba. Majingina ta ɗan kwanta baya kaɗan. Wuri ɗaya na taɓa: faɗin. Ya rubuta 45, faɗin kujera ke nan. Dattijon Damagaram kuwa tabarma ko buzu yake shimfiɗawa ya naɗe ƙafafu, ga buta a gefe, don haka muka mai da shi 70. A takardar an rubuta ƙarara cewa ƙasa za a yi amfani da ita ciki da waje.

Da muka gama ɗora tubali, sai maigidan ya ce a shafe da siminti. Na ce masa, "Alhaji, laka da siminti ba sa zama wuri ɗaya, musamman a bangon gabas." Ya ce maƙwabcinsa ya yi bai ga komai ba, kuma ba ya son rigunan baƙinsa su riƙa ɗaukar jar ƙasa. Aka kawo buhu uku, aka shafe sama da gaba, aka manne shi da jikin zaure har ya hau bangon da taƙi ɗaya. Aka goge saman ya yi sumul, shafal kamar tebur, ba gangare ko kaɗan.

Rani ya wuce lafiya, in ban da siraran tsage-tsage da sai ka durƙusa za ka gan su. A ƙarshen Agusta aka kira ni. Daga nesa dakalin lafiya lau. Da na ƙwanƙwasa da bayan cokalin gini sai ya amsa da sautin rami, tun daga wannan kai har wancan. Na sa bakin cokali a tsagar da ke tsakaninsa da bango, falle guda ya ɓalle mai faɗin faranti, ƙasar da ke ciki kuwa ta koma ƙullu, kana matsawa ruwa na fita tsakanin yatsu. Gara ta riga ta bi danshin ta cinye ciyawar da ke cikin tubalin. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bangon zauren kansa, wanda ya girmi duk wanda ke tsaye a wurin: gindinsa ya zaizaye zurfin kusan santimita 15 a bayan simintin, inda ido ba ya kaiwa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Ƙasa tana kumbura da danshi ta tsuke da bushewa, siminti kuma da zafi yake motsi, kowa da lokacinsa. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, fatar simintin tana rabuwa da ƙasar ta tsage. Hadarin damina a nan daga gabas yake tasowa da iska, ruwan yana dukan bangon a kwance, ya gangaro ya tarar da mazauni marar gangare, ya shige ta tsagar. Indararon zauren ma a kansa yake zuba. Da yaɓen ƙasa ne, rana biyu ta ishe shi ya bushe. Siminti yana barin ruwa ya shiga ta tsaga, amma ba ya barinsa ya fita. Fadar Sarkin Damagaram tana tsaye tun wajen 1850 da ƙasa, kuma maginan da suka gina gidajen Birni da Zango makuba suka sani, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana sabunta yaɓen idan ya ci. Yaɓe ne mai numfashi.

Ko a Turai wanda ya san aiki ruwa yake fara tunawa. Doguwar kujerar nan mai lanƙwasa ta lambun Guwel a Barselona, wadda Antoni Gaudi ya tsara, tsawonta ya kai wajen mita 110, an lulluɓe ta da fasassun tangaran, amma an bar mata ramuka a gindin majingina don ruwan sama ya fice. Mu kuma muka toshe tamu ta ko'ina.

Ga yadda muka sake shi. Muka rushe duka, muka bar gindin bangon a buɗe ya sha iska har bayan kaka, sannan muka cike ramin da irin ƙasarsa, hawa-hawa, kowane hawa bai wuce santimita 5 ba, sai ya bushe a ɗora wani. Wanda ya cusa duka a rana ɗaya zai tarar ya tsuke ya rabu da bangon. Harsashin dakalin muka haƙa santimita 30, muka cika da dutse, abin da Zinder ba ta rasa ba, muka ɗago shi santimita 15 sama da titi, muka shimfiɗa leda mai kauri a kai don danshin ƙasa kada ya hau.

Siminti bai fita daga aikin ba, cikin ƙasar ya koma. Buhu ɗaya mai kilo 50 ga baro 9 zuwa 10 na jar ƙasa tankaɗaɗɗiya, wato wajen kashi 6 cikin 100, a gauraya a bushe har launi ya zama ɗaya kafin ruwa ya taɓa. Ruwan kaɗan ne: ka dunƙule a hannu ka saki daga tsayin ƙugu, idan ya fashe gida huɗu ko biyar ya yi, idan ya lafe a dunƙule ruwa ya yi yawa. A zuba a cikin katako, a daka, santimita 10 kowane hawa. Kada a kwaɓa abin da ba za a gama dakawa cikin awa ɗaya ba. Da wannan irin ƙasa mai ɗan siminti, da ake matsawa da inji ta zama bulo, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta suka gina masallacin Hikma na Dandaji a jihar Tawa, wanda aka kammala a 2018. Hotunansa ne suka shawo kan Alhaji, maganata ba ta yi ba.

Saman mazauni ya samu gangaren santimita 2 zuwa waje, wanda mai zama ba ya ji amma ruwa yana bi. Bakinsa muka dunƙule shi don kada ya gutsire ko ya danne bayan gwiwa. Tsakaninsa da bango muka bar tazarar yatsa biyu mai buɗaɗɗen baki a kowane kai. Indararo aka ƙara masa tsawo ya tsallake dakalin, aka jera duwatsu inda yake zuba.

Sai ban ruwa, wanda a garin nan lissafi ne mai zaman kansa. Ƙasa mai siminti tana son danshi na aƙalla mako guda, kuma sai ta yi kwana 28 take kai ƙarfinta. Idan famfo ya ɗauke, ƴan ga-ruwa za a saya wa, don haka a yayyafa da sassafe a rufe da leda, a danne gefuna da duwatsu. A hana yara hawa.

Damina biyu ke nan yana nan, ƙwanƙwasa shi ba ya ba da sautin rami, kuma ana iya zama a kai da la'asar a tsakiyar bazara ba tare da an ninka tabarma ba. Farar riga tana ɗan ɗaukar ja har yanzu. Maƙwabcin da aka kafa mini hujja da shi kuwa, dakalinsa a bangon yamma yake, ƙarƙashin rumfar kwano.