Wasiƙa daga Limbe: dangin goro a ƙarƙashin dajin Korup

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Ina gaishe ku daga Limbe, a bakin teku, kudu maso yammacin Kamaru, da fatan kowa yana lafiya. Yau labarin dajin Korup zan ba ku, musamman ƙananan itatuwan da ke zaune ƙarƙashin manya, waɗanda ba a cika kula da su ba.

Korup yana kusa da garin Mundemba, ya jingina da iyakar jihar Kuros Riba. A 1986 gwamnatin Kamaru ta mai da shi gandun daji na ƙasa, faɗinsa murabba'in kilomita 1,260. Ruwan sama a can yakan haura milimita 5,000 a shekara, alhali Kano ba ta cika samun 1,000 ba. Manyan bishiyoyi sun haɗe kai a sama, har hasken ranar da ke isa ƙasa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin ɗari ba. Sai mutum ya zaci babu abin da zai rayu a wannan duhu. Amma a nan ne dajin ya fi cika.

Daga 1996 masu bincike suka keɓe hekta 50, suka bi duk itacen da kaurinsa ya kai santimita 1, suka auna shi, suka rataya masa lamba. Sun ƙirga itatuwa fiye da 300,000, iri kusan 500. Mafi yawansu sirara ne, ba su fi sandar makiyayi kauri ba. Wasu 'ya'yan manya ne da ke jiran wata babbar bishiya ta faɗi haske ya shigo, jiran da kan kai shekaru masu yawa. Wasu kuwa haka Allah Ya halicce su: a inuwa suke tsufa, a inuwa suke fure, kuma da yawansu a jikin kututture suke fid da fure da 'ya'ya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne goro. Goron da muke rabawa a ɗaurin aure da raɗin suna, wanda fatake suka riƙa ɗaukowa daga Gwanja zuwa kasuwar Kurmi ta Kano, asalinsa ɗan inuwar kurmi ne. Yana da dangi fiye da iri 100, duka a Afirka, kuma Kamaru na cikin wuraren da suka fi yawa. Ɗaya daga cikinsu, Cola semecarpophylla, yana sahun itatuwan da suka fi yawa a wancan filin na Korup. Ranar da cuta ko sauyin yanayi ya far wa goron gona, wajen waɗannan dangi na dawa masana za su je neman iri mai juriya. Namijin goro ma, duk da ba danginsu ba ne, ɗan kurmi ne, kuma tuni ya shiga jerin itatuwan da ake fargabar ƙarewarsu.

Damuwata ita ce ɓarnar da ake yi wa ƙasan daji ba ta fita a hoton tauraron ɗan'adam. Manomi a gefen gandun zai sare ƙanana ya dasa koko, ya bar manya don inuwa. Daga sama kore shar, a ƙasa kuwa an shafe iri masu yawa, har da waɗanda da ƙyar ake samun guda a hekta. Ban ga laifin manomin ba, bakin iyalinsa yake nema. Sai kuma farauta: giwaye da birai ne ke cin 'ya'yan itatuwa su kai ƙwallon nesa da uwar, kuma idan aka ƙarar da su, iri sai ya zube a gindi ƙwari su cinye. Ga rikicin yankin Kamaru na masu magana da Ingilishi, inda Korup yake, wanda tun 2016 ya sa tsaron gandun da aikin awo suka yi wuya ƙwarai.

Mu ma muna da irin wannan fili a Ngel Nyaki, kan tsaunin Mambila a Taraba, inda ake auna itatuwa ɗaya bayan ɗaya. Ina roƙon ɗalibanmu masu karatun tsirrai da gandun daji su nemi shiga aikin, domin masu iya tantance ƙananan itatuwa da sunansu sun yi mana ƙaranci.

A gaida mutanen gida. Wassalam.