Abin da ruwan Agusta ya tona a farfajiyar gidana

Lokacin da na yanke shawarar shimfiɗa intalok, wato ƙananan tubalan kankare da ake jerawa a ƙasa, a farfajiyar gidana da ke Kano domin samun wurin ajiye mota, hankalina kacokan ya tafi ne ga launi da zane. Na yi kwana uku ina zagaya wuraren masu buga intalok ina kwatanta ja da ruwan toka, amma ban ɓata ko minti goma ba wajen tambayar abin da za a zuba a ƙarƙashinsa. An yi aikin a watan Fabrairu, ƙasa a bushe ƙayau, kuma ya yi kyau har maƙwabta suna leƙowa suna sa albarka.

Da ruwan Agusta ya sauka, maimakon ya nufi ƙofar gida ya faɗa kwata, sai ya taru a bakin ƙofar falo, har muka kwana muna kwalfa da bokiti. Dalili kuwa shi ne mai aikin ya daidaita filin da ido kawai, bai ja igiya ba, bai kuma yi awo da tiyon ruwa ba. Ƙa'idar da na sani daga baya ita ce a ba fili gangarar kimanin santimita 2 a kowace mita ɗaya, ta yadda farfajiya mai tsawon mita 10 za ta sauka da santimita 20 daga jikin gini zuwa inda ruwa zai fita. Ido ba ya ganin irin wannan gangara, amma ruwa yana ganinta. Haka kuma ya kamata saman intalok ya kasance ƙasa da daɓen ɗaki da aƙalla santimita 15, don kada danshi ya riƙa hawa bango yana cin fenti.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lotsawar da filin ya yi a wani dogon layi, daidai inda aka taɓa haƙa rami aka binne bututun da ke zuwa shadda. Na tuna sarai na ga ƙasar wurin a sake, na yi magana, mai aikin ya ce da ni, "Alhaji, kada ka damu, ai mota ce za ta danne ta da kanta." Ta kuwa danne ta, sai dai tare da intalok ɗin ta danne, tayar baya ta bar kwari mai riƙe ruwa kwana biyu. Aikin da ya dace shi ne a kwashe baƙar ƙasar sama mai saiwoyi, a zuba marmara ko tsakuwa mai kaurin kusan santimita 15, a yayyafa ruwa, sannan a bi da injin daddaɓe ƙasa. Idan cikon yana da zurfi, hawa-hawa ake yin sa, ana daddaɓe kowane hawa kafin a ɗora wani, domin ƙarfin injin ba ya kaiwa can ƙasa. Kuɗin hayar injin na yini guda ne na yi wa ƙyashi, kuma wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Da aka ɗaga tubalan don gyara, sai muka tarar yashin da aka shimfiɗa a ƙarƙashinsu ya kai tsawon yatsa a wasu wurare, saboda da shi aka cike duk wani rami. Yashin nan bai kamata ya wuce santimita 3 zuwa 4 ba, kuma kaurinsa ya zama ɗaya ko'ina. Aikinsa zaunar da tubali ne, ba ɗaukar nauyin mota ba.

Shi kansa intalok ɗin, mai kaurin santimita 6 ya isa ƙaramar mota, amma gidan da tankar ruwa ko tifa ke shiga, mai santimita 8 ya kamata a saya. Kada kuma a karɓi wanda aka buga shekaranjiya, domin kankare ba ya cika ƙarfinsa sai ya yi kwana 28, yana kuma buƙatar ban ruwa a makon farko. Idan ka goga gefen tubali da babban yatsa ka ga yashi yana zuba, an yi rowar siminti. A wurin da mota ke juyawa, jeren da ake sarƙa tubalan kamar saƙar tabarma ya fi riƙe juna a kan jeren layi miƙaƙƙe. Gefen filin ma sai an ɗaure shi da kankare, in ba haka ba tubalan bakin za su riƙa bajewa, yashin tsakaninsu ya bi ruwa.

A gyaran da aka yi bayan damina an ɗaga kusan rabin filin, kuma a wannan karon ina tsaye da kaina lokacin da aka ja igiya, na sa aka kwarara ruwa bokiti uku a jikin bango muka bi shi da kallo har ya fita waje. Saura darbejiyar da ke kusurwa, wadda saiwarta ta fara ɗaga tubala huɗu. Uwargida ta ce ba za a sare ta ba, don a inuwarta ake ajiye motar, saboda haka mun cire intalok ɗin da ke kewaye da gindinta mun zuba tsakuwa.