Gwajin ruwan tumfafiya da fataka a kan tsiron ciyawar dabbobi

A wani fili kusa da Miriya, duk inda aka sare tumfafiya aka bar ganyenta ya ruɓe, kyasuwar da muka shuka sai ta fito tsilla-tsilla. Shi ya sa na gwada abin a faranti, in ga ko ganyen ne ko ƙasar.

Na tsinko ganyen tumfafiya, fataka da garmani, kowanne daban. Sai da safar hannu, don nonon tumfafiya in ya shiga ido aiki ya tsaya. Na shanya su a inuwa kwana 7, na daka, na jiƙa giram 100 na garin cikin lita 1 ta ruwa awa 24, na tace da tsumma ninki biyu. Wannan tataccen na raba uku: zalla, rabi da ruwa, da kashi 1 cikin 4. Kowane faranti tsumma mai tsabta da na jiƙa da tataccen, ƙwaya 20, kyasuwa daban, waken dolik (lablab, na abincin dabbobi) daban, da faranti ɗaya na ruwa kawai don kwatance.

Karon farko ya lalace. Na bar jiƙon kwana 3 cikin zafin Damagaram, ya yi tsami, fumfuna ta rufe irin. Na biyu kuma ruwan rijiya mai kanwa na sa, har farantin kwatancen ya ƙi tsira yadda ya kamata. Ruwan sama ko na famfo ake so, a kuma yi sabon jiƙo duk kwana 2.

Kada a tsaya ga ƙirga abin da ya tsira. A kwana na 7 a ciro tsiron a auna saiwa, nan ɓarnar take. A ruwa kawai saiwar fara ce, doguwa, da gashinta kamar ƙurar auduga. A jiƙon tumfafiya zalla ta gajarce, bakinta ya yi ja-ja ya lanƙwashe, gashin babu. Sinadaran da ganyen ke saki, musamman dangin fenol, suna rage shan ruwa da rabuwar ƙwayoyin halitta a bakin saiwa, alhali kan tsiron yana nan kore, yana ruɗin mutum. Tsiro mai irin wannan saiwa ba ya jure ɗaukewar ruwan sama a farkon damina. Fataka ta biyo bayan tumfafiya wajen ɓarna, kuma ban yi mamaki ba, ganyen da majema ke tuge gashin fata da shi. Dolik ya fi kyasuwa juriya, ƙwayarsa babba ce, tana da guzuri.

Garmani ne ya ba ni darasi: a faranti illarsa kaɗan ce, ga shi kuwa ya cinye burtali da makiyaya. A ganina inuwa da ƙwacen ruwa ne makaminsa. Faranti ma yakan zuzuta abu, domin jiƙo mai kauri ko ba guba yana hana iri shan ruwa, kuma a jigawa ruwan sama na wanke sinadarin, ƙwayoyin ƙasa na cinye shi. Laka ta fadama ta fi riƙewa.

Yanzu in an sare tumfafiya, kwashewa muke daga filin zuwa ramin taki, ba a binne shi ɗanye. Inda ganyen ya riga ya zube, mukan bari ruwa ya sauka sau 2 ko 3 kafin shuka, mu fara da dolik.