Kawu ya ajiye kaki, ya ɗauki injin walda

Ran da Kawu ya dawo Funtuwa gaba ɗaya, kayansa akwatin ƙarfe biyu ne da takardar sallama. Shekara 35 cur yana cikin kaki. A 1985 ya shiga Defo na Zariya yana kurtu, yana cikin waɗanda aka tura Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1990, ya kuma ajiye aiki yana samanja. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya biya mini kuɗin makaranta bayan rasuwar Baba, don haka abin da ya shafe shi ni ma ya shafe ni.

Kafin a sallame shi sai da ya yi wata shida a Oshodi ta Legas, a cibiyar da ake koya wa sojan ƙasa da na ruwa da na sama sana'a gab da ritaya. Akwai ɗinki, kafinta, kanikanci, kiwon kaji da kifi, haɗa sabulu. Shi walda ya zaɓa, kuma ya koyo ta da kyau. Ƙofar gidanmu shi ya ƙera ta, har yau ba ta taɓa cijewa ba.

Matsalar a kasuwa ta same shi. Mutumin da tun yana saurayi albashinsa ke zuwa ƙarshen wata, ɗaki na bariki, umarni daga sama, yau an ce ya yi ciniki. Wani ya zo yana son tagogi shida, Kawu ya yanka masa kuɗi bisa farashin ƙarfe na ranar, ya karɓi ɗan kafin alƙalami. Kafin ya je sayen kaya ƙarfe ya tashi, mai aiki ya ce magana ta riga ta ƙare, shi kuwa soja ba ya sauya magana. Daga aljihunsa ya cike. Wani ya ɗauki ƙofa ya ce sai an biya albashi, Kawu ya ji nauyin bin bashi. Ga wuta ba kullum ba, janareta na shan mai. A watanni kaɗan kuɗin sallamar da ya zuba suka soma zagwanyewa, ya daina cin abinci sosai.

Abin da ya yi bayan nan shi ya sa nake wannan rubutu. Ya rufe shagon, ya tafi wajen wani mai walda a bakin tasha wanda a haife ya haife shi, ya ce ya zo koyo. Yaron ya rasa inda zai sa kansa.

"Haba Baba Soja, ni zan koya maka?"

"Ƙarfe na iya, ɗana. Mutane nake so ka koya mini."

Ya yi wata huɗu a wajen. Can ya ga ana raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, ba a kunna inji sai mai aiki ya biya na ƙarfe dukka, ƙofa ba ta fita sai ciko ya shigo. Ya san dilolin da ke ba da kaya a kan amana, ya san magina, waɗanda su ne ke kawo aiki. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan lissafin ne ya riƙe shi.

Ni a ganina, tun saura wa soja shekara uku ko huɗu ya kamata a fara haɗa shi da wani ubangida a garin da zai koma, ya riƙa zama a shago lokacin hutunsa. Abokan Kawu nawa ne suka ƙare a gadin ƙofar wani, alhali da sana'a a hannunsu? Ba lalaci ba ne, ba su sami mai nuna musu kasuwa ba ne.

Yanzu yara biyar ke ƙarƙashinsa, biyu marayun sojoji ne. Ƙarfe bakwai daidai yake buɗe shago, kowane guduma da inda ake rataye shi. Jiya na biya, na tarar yana nuna wa ƙaraminsu yadda ake rubuta kuɗin kaya a shafi ɗaya, kuɗin aiki a ɗaya.